Bayan Alhaji Ya Bar Rumfa: Waya, Gida da Kaɗaicin Tsofaffi a Yamai

Babbar Kasuwar Yamai da muke gani yau an buɗe ta ne a 1987, bayan gobarar 1982 ta cinye tsohuwar. Ku yi lissafi: wanda ya karɓi shago a lokacin yana ɗan shekara talatin, yanzu ya doshi saba'in. Da yawansu sun miƙa makulli ga ƴaƴa ko yaran shago, wani don gwiwa ta ƙi, wani don ido ya yi rauni, wani kuma ƴaƴan ne suka ce, "Baba, ka huta haka nan." Magana ce ta ƙauna, amma ba kasafai ake lura da abin da hutun ke ƙwacewa ba. Ɗan kasuwa ba kaya kaɗai yake saidawa a rumfarsa ba. Nan yake gaisawa da jama'a tun hantsi har la'asar sakaliya, nan ake kawo masa goron ɗaurin aure, nan yake jin wanda ya rasu da wanda ya sauka daga Makka, nan ake kiransa ya raba gardama tsakanin dillali da mai kaya. Ranar da ya daina fita, duk wannan sai ya tsaya cak.

Na san abin da wasu za su ce: kaɗaici ciwon Turawa ne, mu nan tsoho ba ya kwana shi kaɗai. Da gaskiyarsu ta wani gefe. Da wuya ka samu dattijo a Yamai da ba a kai masa tuwo. Amma kai tuwo daban, zama a yi hira daban. Akwai tsohon da ke cikin gida mai mutum ashirin, kuma abin da ke shiga kunnensa a yini bai wuce "ina kwana", "ga abinci" da "sai da safe" ba. Garin ma ba wanda ya sani ba ne. A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su kai dubu 400 ba, a ta 2012 sun haura miliyan 1, kuma har yau garin bai daina miƙewa ba. Wanda a da yake zaune a Zongo ko Banizumbu, yana takawa kasuwa da ƙafa, yau ƙila ɗansa ya gina masa gida a Kubiya ko can hayin kogi a Harobanda. Abokin rumfarsa yana Talaje, tsakaninsu tasi biyu da ƙunar rana. Ƴaƴa kuwa, wannan na Kwatano, wancan na Lome, ɗaya na Kano, autan ya tafi Aljeriya. Ga shi tsofaffi ƴan tsiraru ne a Nijar: waɗanda suka kai shekara 65 ba su cika kashi 3 cikin ɗari ba, kusan rabin al'umma kuma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙasar da take haka, dole hankalinta ya tafi kan makaranta da rigakafi. Lamarin tsoho iyali aka bar wa.

Abin kuma bai tsaya ga ɓacin rai ba, yana taɓa jiki. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kansa. Rahoton da kwamitin ya fitar a 2025 ya ce mutum 1 cikin 6 a duniya na fama da kaɗaici, kuma ana alaƙanta shi da mutuwar mutum kimanin dubu 871 a kowace shekara. Yana ƙara haɗarin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon damuwa da gigin tsufa. Masu cewa ciwon Turawa ne su saurari wannan: rahoton ya gano matsalar ta fi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kusan kashi 24 cikin ɗari, a kan kashi 11 a ƙasashe masu arziki.

To, waya na maganinsa? Sai an yi hattara da amsar. A 2020 masanan ƙungiyar Cochrane, waɗanda aikinsu tace binciken likitoci ne, sun duba ko kiran bidiyo na rage wa tsofaffi kaɗaici, ba su kuma samu hujja mai ƙarfi ba. A shekarar ce dai, lokacin korona, aka yi wani gwaji a birnin Austin na jihar Texas a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2021. An ɗauki mutum 240 da ba sa iya fita sosai, akasarinsu tsofaffi, aka raba su gida biyu. Rabi aka sa matasa ƴan shekara 17 zuwa 23 su riƙa kiransu, kira na murya zalla, na wajen minti goma, har tsawon mako 4. Matasan ba likitoci ba ne. Abin da aka koya musu kaɗan ne: ka yi tambaya, ka yi shiru, ka bar mutum ya zaɓi zancen da yake so. A ƙarshen watan, waɗanda aka riƙa kira sun fi sauran samun sauƙin kaɗaici da damuwa da fargaba. Ashe ba tsadar na'ura ke aiki ba. Muryar mutum ce, a lokacin da aka san za ta zo, da kunnen da ya zauna ya saurara.

Wannan ya kamata ku riƙe idan kun shiga wajen masu saida salula. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗa ya saya wa mahaifinsa irin wayar da shi kansa yake sha'awa, ko ya sauke masa tsohuwar tasa mai batir da ya gaji. Yatsan tsoho ya bushe, wani lokaci yana rawa, gilashin waya mai shafawa kuma ba ya jin busasshen yatsa da kyau. Ya taɓa sau ɗaya ba ta amsa ba, ya danna da ƙarfi ta buɗe masa wani abu daban, sai ya tura ta ƙarƙashin matashi ya ce ba ya son fitina. Ga mutane da yawa, ƙaramar Itel ko Tecno mai madannai ta fi: tana kwanaki da caji, ƙararta na fita, tana da tocila, ta faɗi ba ta fashe ba. Yawancin irinta suna da wata dabara da ba a cika amfani da ita ba, wato kiran gaggawa da lamba ɗaya. Ana ɗaura sunan mutum a kan madanni, daga 2 zuwa 9. In an danne 2 aka riƙe sai ta kira babban ɗa, 3 ta kira ƴar da ke aure a Maraɗi, 4 ta kira abokin rumfa. Lambar Nijar mai alƙaluma takwas ta koma dannawa ɗaya. Aikin minti biyar ne, kuma mai shagon zai iya yi muku kafin ku bar wurin.

Babbar waya tana da nata amfanin, kuma kusan duk amfanin ya taru a wuri ɗaya: saƙon murya na WhatsApp. A ƙasar da manyan da ke karanta boko ba su kai rabi ba, wannan ne ya buɗe wa kowa ƙofa. Ka danna, ka yi maganarka da Hausa ko Zabarmanci, ka saki. Idan za ku ba tsoho irin wannan waya, ku share masa fuskarta. A kwashe duk abin da ba ya buƙata, a ƙara girman rubutu, a sa hoton kowane ɗa da jika a kan lambarsa, a fito da mutum huɗu ko biyar da ya fi magana da su a ajiye su a fuskar farko, yadda taɓa hoton kawai zai kai shi gare su. Wanda ya yi karatun allo, a sa masa madannan Larabci a rubuta sunayen da ajami. Abin mamaki ne yadda ba a cika tuna wannan ba, alhali dattawan da ba sa karanta "Hadiza" da boko suna karanta ta da ajami ba tare da tuntuɓe ba.

Kada kuma wani ya ce muku babba ba ya koyo. A 2009 da 2010 an yi gwaji a ƙauyuka sama da ɗari na jihohin Doso da Damagaram, ƙarƙashin jagorancin Jenny Aker ta Jami'ar Tufts tare da ƙungiyar agaji ta CRS. A azuzuwan yaƙi da jahilci, wasu an haɗa musu da koyon sarrafa ƙaramar salula, wasu ba a haɗa ba. Waɗanda suka koyi wayar sun fi cin jarrabawar rubutu da lissafi. Abin da ke kashe wa tsoho gwiwa ba taurin kai ba ne, malamin ne. Ɗa ba ya iya koya wa uba: yana sauri, yana ƙwace wayar ya yi da kansa, uban kuma yana jin nauyin sake tambaya. Ku tura jika. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, ba a jin kunyar kuskure. Yarinya za ta ce, "Kai Kaka, ka sake ɓata min aiki, anya ba zan canza miji ba?" ya yi dariya ya sake gwadawa. Darasin ma da kansa ya zama hira.

Wani kamfani a Norwe mai suna No Isolation ya ƙera allo da ya kira Komp, mai maɓalli ɗaya tak, na kunnawa da ƙara murya. Iyali ke aiko hotuna da saƙo daga wayoyinsu, in sun kira da bidiyo kuma allon na amsawa da kansa bayan ƴan daƙiƙu. Ba ina cewa a yi odarsa zuwa Yamai ba. Dabarar ce abin ɗauka: duk wahalar sarrafa na'ura a mayar da ita hannun matasa, a bar wa tsoho kallo da magana. Ku ne za ku kira, ku ne za ku sa kuɗin kira da data kafin su ƙare, ku ne za ku duba caji. Wanda ya shekara arba'in yana ba wasu kuɗi ba zai buɗe baki ya ce katinsa ya ƙare ba, sai dai ku ji shi shiru.

Maganar caji ba ƙarama ba ce a nan. Mutanen Yamai sun ga haka a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin daga gare ta akasarin wutar Nijar ke zuwa, ta yanke layin har zuwa Maris na 2024. Ko ba wannan, kowa ya san halin wuta a watannin Afrilu da Mayu. Ƙaramin farantin sola mai fitila da mahaɗin caji ya wadatar, kuma fitilar na da nata aikin da dare, kamar yadda za mu gani.

Kafin waya ma, a duba ido da kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai takurawa. Wanda ba ya ji sosai yakan gaji da "me ka ce?", sai ya janye daga majalisa, a ce ya zama miskili. Wani lokaci dattin kunne ne ya toshe, wankewa a asibiti kawai yake buƙata. Yanar ido kuma ana cire ta da ƙaramin aiki. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa raunin ji da rashin cuɗanya cikin abubuwan da, in an magance su, ke rage haɗarin gigin tsufa.

Sai batun abin da ake faɗa a wayar, wanda a ganina ya fi duk na sama. Zauren iyali na WhatsApp, inda ake zuba saƙo ɗari a yini, hotunan "Juma'a mubarak" da muryoyin masu maganin da ke warkar da cuta goma, ba zumunci ba ne ga tsoho, hayaniya ce. Gara a raba kwanaki: Litinin wane zai kira bayan Magariba, Laraba wance, Juma'a jikoki su yi bidiyo bayan an sauko daga masallaci. Sanin cewa kira na zuwa shi kansa yana gyara yini. In kun kira kuma, kada ku tsaya a "ya jiki, an sha magani?" Mutumin da kullum jikinsa kawai ake tambaya zai fara ɗaukar kansa majinyaci. Ku tambaye shi abin da ya fi ku sani. "Baba, wane na neman bashin shadda turmi goma, ya kake ganin mutumin?" "Alhaji, yadda hanyar Kwatano ta rikice aka koma ta Lome, da kai ne yaya za ka sa farashi?" Ku ji yadda murya za ta miƙe. A Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suka riƙa zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, masu damuwa na zuwa su zayyana musu matsalarsu. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna masu zuwan sun samu sauƙi ƙwarai. A can, tsufa ne jarin, ba nauyin ba. Kuma tunda zumunci a ƙafa yake, waya ta zama mai kiran ƙafar: a yi amfani da ita a shirya ranar da za a ɗauko abokansa biyu a mota su yini tare, ko ranar da za a kai shi shago ya zauna a kujerarsa daga hantsi zuwa Azahar.

Gargaɗi ɗaya. Wayar da ta buɗe wa ƴan uwa ƙofa ta buɗe wa ɓarayi. Akwai mai kira ya ce an ci kyauta, akwai mai cewa ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, akwai mai neman lambobi shida da suka shigo ta saƙo, waɗanda da su ake sace WhatsApp ɗin mutum a riƙa roƙon danginsa da sunansa. Yanzu da ake aika kuɗi ta Nita da Amana da Al Izza, har ma ta manhajojin waya, ku kafa wa tsoho doka guda mai sauƙin riƙewa: duk wanda ya nemi lamba ko kuɗi, a kashe a kira wane tukuna. Ku kuma sa wa WhatsApp ɗinsa lambar sirri ta biyu.

Rediyo ba sai na tsaya a kansa ba, tsofaffi sun fi mu saninsa. Muryar Sahel, Anfani, Saraounia, da shirye-shiryen Studio Kalangou da ke zuwa da harsunan gida. Ga ƙananan rediyoyi masu cin katin ajiya, da za a cika da tafsiri ko waƙoƙin Ɗan Gurmu da Shata. Abin da zan ƙara shi ne wurin da ake ajiye akwatin. Talabijin a ɗakin tsoho shi kaɗai yana ƙara kulle shi. Ku fito da ita rumfa lokacin kokowar takobin ƙasa, ku ga yadda maƙwabta za su taru.

Wannan ya kawo mu ga ginin gida. Gidan Bahaushe na dā ya riga ya warware matsalar nan ba tare da an kira ta da suna ba. Zaure na bakin hanya, da dakali a gabansa. Mai gida na zaune a inuwa, duk mai wucewa ya yi sallama. Gidan zamani na sababbin unguwanni kuwa doguwar katanga ce, ƙofar ƙarfe, gareji a inda zaure yake, sai ɗakin Baba can ƙurya "don kada a dame shi". An kare shi daga ɓarawo, an kuma kare shi daga baƙo. Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. A ba shi ɗakin da ya fi kusa da ƙofa, a ƙasa ba a bene ba, mai taga da ke kallon tsakar gida ko titi. A gina dakali a waje, mai tsayin kujera don tashi daga tabarma na wahalar da gwiwa, a kafa rumfa ko a dasa dogon yaro. A ajiye benci na biyu da kayan shayi. Matasan fada, wato majalisar samarin unguwa, da ke neman wurin zama za su zo da kansu, kuma in ana so su daɗe, a ja musu wayar caji zuwa wurin. Masu zanen gini na ƙasar nan sun fahimci wannan. Mariam Issoufou, da ta zana kasuwar Dandaji a jihar Tawa wadda aka kammala a 2018, ba ta sare tsohuwar itaciyar da ake cin kasuwa a gindinta ba, sai ta kewaye ta da wurin zama. A gidajen Niamey 2000 da ita da abokan aikinta suka gama a 2016, da tubalin ƙasa aka yi gini, don ɗaki ya yi sanyi. Ɗakin siminti mai rufin kwano a watan Afrilu ba ya zaunuwa, baƙo ma gaisawa yake yi a tsaye ya fita.

Akwai kuma abin da tsoho ba zai faɗa ba. Tsoron faɗuwa na hana fita fiye da ciwo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura 65 na faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Daɓen tayil mai santsi da ruwan alwala a kai, dokin ƙofa mai tsayi, duhu tsakanin ɗaki da bayan gida: a nan ƙugu ke karyewa. A sa ƙarfen dafawa a bango, fitilar sola a hanyar, kujerar zama a makewayi. Matsalar riƙe fitsari ma tana sa dattijo ya daina zuwa jam'i da ɗaurin aure saboda kunya. Makewayi kusa da wurin zamansa, da kujera a gefen sahu a masallacin unguwa, na iya dawo masa da salloli biyar cikin mutane.

Duk wannan zancen ya karkata ga maza, don su ke da rumfa. Halin tsofaffin mata ya bambanta. Su cuɗanyarsu a cikin gida take da wajen biki, suna, adashe da taron mata na foyandi, sai kuma ƴar sana'a: ƙuli-ƙuli, daddawa, zogale, fura. Ɗan da ya samu kuɗi yakan ce, "Inna, ki bar wannan wahalar, nawa ne ribar? Zan riƙa ba ki." Ribar ba ta cikin ƴan dalolin. Faranti ne ke sa yaran maƙwabta su yi sallama sau ashirin a yini, ke sa matan unguwa su leƙo su kawo labari. A rage mata aikin, a ɗauki mai yi mata daka, amma a bar mata cinikin. Sannan a lura cewa a gidaje da yawa wayar ta mai gida ce, ita sai an miƙo mata. Ranar da ya rasu, za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Makon farko gida cike yake da masu gaisuwa, bayan sadakar arba'in kuwa sai ƙafa ta ɗauke, ita kuma ba ta fita. Ya kamata a ce tun kafin wannan lokaci tana da wayarta, da lambobin ƴan uwanta na ƙauye da ƙawayen adashenta a ciki, kuma hannunta ya riga ya saba da ita.